Kwana Biyu A Tanti: Tafiyarmu Ta Boɗinga Da Shagari

Daga Malamin Sira da Tarihi

 

Kwamitin wannan mujalla ya daɗe yana bi na bashin labarin tafiyar da muka yi da 'yan aji biyar da shida a hutun watan Disamba na shekarar 2022. Sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ba don babu abin faɗi ba, sai don akwai wani abu da ya same ni a tafiyar wanda faɗarsa ke da nauyi ga malami a gaban ɗalibansa. Amma na ga idan na ɓoye shi, to na ba ku ɓawo ne na riƙe ƙwaya. Don haka ga shi nan yadda ya faru.

Mafarin zance

Wata ranar Asabar ina karantar da tarihin Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda. Yara sun haddace zango-zangon rayuwarsa kamar karatun allo: an haife shi a Maratta a 1754, ya zauna Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, an buɗe Alkalawa a 1808, ya zauna Gwandu, ya koma Sifawa, ya cika a Sakkwato a 1817. Sai na ce, "To, wa zai gaya mini inda Sifawa take?" Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro da muke kira Sarkin Tambaya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina jin kusa da Madina take."

Aji ya fashe da dariya, amma ni ban yi ba. Garin da yaron nan ya kai Hijaz, daga ƙofar makarantarmu ba a yin awa ɗaya a mota a isa. Laifin ba nasa ba ne, nawa ne. Na koya musu sunaye, ban nuna musu ƙasa ba. A ranar na ƙudura sai na kai su sun taka wurin da ƙafarsu.

Shawo kan iyaye bai zo da sauƙi ba, kuma suna da gaskiya, domin kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan. Aka yi zama biyu, aka gindaya sharuɗɗa: ba tafiyar dare, ba kwana a daji, sai an rubuta wa masu gari takarda sun amince, kuma tantinmu a cikin harabar makaranta mai katanga za a kafa shi. Iyaye 14 suka sa hannu. Muka haɗa tamfol biyu da turaku da igiya, tabarmi da barguna, butoci da jarkokin ruwa, tukunya babba, shinkafa da wake da manja, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, da kayan shayi. Mu malamai biyu ne, sai direba.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba. Da ake tsara hanya, shugaban makaranta ne ya ce tunda an kai Boɗinga a ƙarasa Shagari. Na ce to, amma gabana ya faɗi. A wani ƙauye na ƙasar Shagari aka yanke cibiyata, kuma a can yayana yake, wanda a lokacin shekara biyu ke nan ko sallama ba ta haɗa mu.

Sifawa da Boɗinga

Mun tashi bayan hantsi, muka ɗauki hanyar da ke zuwa Tambuwal da Jega, muka wuce filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na III. Hazon hunturu ya rufe sararin sama, rana ta yi fari kamar faifai. An riga an gama girbi, sai karan gero tsibi-tsibi da rumbuna cike, ga jajayen awakinmu na Sakkwato suna kala, ga itatuwan gawo sun yi kore shar a lokacin da sauran itace ke kaɗe ganye. Tun ba mu yi nisa ba Sarkin Tambaya ya soma aikinsa: "Malam, yau ƙasaru za mu yi?" Na ce ya tuna abin da muka karanta a Risala, cewa tafiyar ƙasaru mil 48 ce, wato wajen kilomita 80, tamu kuwa ko Shagari ba ta kai haka ba. Ransa bai so ba, don ya ci burin sallar raka'a biyu.

Muka sauke kaya a Boɗinga, muka kai gaisuwa inda ya kamata, sannan muka nufi Sifawa, wadda ke kusa ƙwarai. A bakin masallacin da mutanen gari ke danganta wa Shehu muka tarar da wani dattijo a kan buzu yana jan tasbaha. Da ya ji daga inda muka fito sai ya ce, "Marhabin da baƙi. Ku zamna, ɗiyana. Wanga wuri da kuka gani, nan Shehu yaz zamna yana karantarwa bayan an ƙare yaƙi."

Abin da na so yara su gane ke nan. Shehu ya zauna Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815. A lokacin nasara ta riga ta samu, ƙasashe sun yi mubaya'a tun daga Kabi har Adamawa. Da wani ne, lokacin gina fada ya yi. Shi kuwa sai ya janye jiki daga hidimar mulki ya koma ga abin da ya faro da shi, wato karantarwa da wallafa. A nan Sifawa, a 1812, ya raba ɗawainiyar daula: yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya riga ya kafa Sakkwato tun 1809.

Malam Abdullahi kuwa Boɗinga ya zauna, kusa da yayansa kuma malaminsa. Mu a nan mun fi saninsa da Abdullahin Gwandu, har mukan manta cewa wasu daga manyan littattafansa a shekarun zaman Boɗinga ya rubuta su. Tazyinul Waraƙat a 1813 ya haɗa shi, tafsirinsa Liya'ut Ta'awili kuwa ya kammala shi a 1231 ta Hijira. Na ce wa yara, "Ku dubi turɓayar nan da kyau. Tafsirin da ake karantawa a masallatanmu da azumi, a kan irinta aka zauna aka rubuta shi, da tawada da alƙalamin kara, ba lantarki ba injin buga takarda." Wani yaro ya duƙa zai ƙulle ƙasar wurin a bakin rigarsa. Na ce ya zubar, gadon da suka bar mana a littafi yake.

Daren farko

Kafa tanti ya ba mu kashi. Ƙasa ta bushe ƙam, turaku sun ƙi shiga sai da muka jiƙa wurin da ruwa. Mun ɗaga tamfol na farko ke nan iska ta yi sama da shi, yara suka bi shi da gudu suna ihu. Sai da maigadin makarantar ya zo ya nuna mana mu juya bayan tantin gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, mu danne gefuna da duwatsu. Shinkafa da waken da muka dafa ta kama, amma ko ƙanzo ba a bari ba.

Bayan Lisha muka kewaye wuta, kowa ya ƙudundune a bargo, ana zagaya da shayi. A nan ne Sarkin Tambaya ya jefo tambayar da ta zame mini ƙaya. Ya ce, "Malam, tunda Malam Abdullahi ya girmi Bello, kuma baffansa ne, ga ilimi, me ya sa ba shi ya gaji Shehu ba? Bai yi fushi ba?"

Na ce su gyara zama. Na gaya musu Shehu ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilu 1817. Masana tarihi sun ruwaito cewa Malam Abdullahi yana Boɗinga labari ya iske shi, ya hau ya nufi Sakkwato, ya tarar an rufe ƙofar gari, jama'a kuma sun yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Ya juya bai ta da fitina ba, daga baya ya koma Gwandu da zama. Ba a ɓoye ba cewa an sami 'yar tsama tsakaninsu na wasu shekaru, domin su ma mutane ne, ba mala'iku ba. Kuma kada wani ya zaci kwaɗayin sarauta ne. Wannan bawan Allah shi ne wanda tun ana tsakiyar jihadi ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka, saboda ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kafin ya dawo.

Bayan shekara uku zuwa huɗu sai tawaye ya taso wa Malam Abdullahi a Kalambaina ta ƙasar Gwandu, abin ya yi tsanani. Bello bai ce ba ruwansa ba. Ya ɗauro yaƙi daga Sakkwato ya zo ya taimaki baffansa, Allah Ya ba su nasara. Da suka haɗu a kan dawakai, sai Bello ya yunƙura zai sauka domin girmama baffansa kuma malaminsa. Malam Abdullahi ya yi masa ishara da ya zauna, shi kuma ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Shi ke nan, magana ta mutu. Ƙarami ya ba girma haƙƙinsa, babba ya ba shugabanci haƙƙinsa. Da wannan sulhu gidan Sakkwato da na Gwandu suka zauna lafiya har zuwan Turawa a 1903.

Na rufe da tuna musu hadisin da suka haddace, wanda ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kuma ya nuna wanda ya fara sallama shi ne mafi alheri. Yara suka ce, "Na'am, Malam." Sai wani ƙarami daga cikin bargo ya ce, cikin muryar barci, "Malam, kai ma ai ba ka taɓa gaba da kowa ba ko?"

Na ce dare ya yi, kowa ya je ya kwanta.

Abin da na ɓoye

Yara suka yi barci, ni kuwa na zauna gaban garwashi har ya zama toka. Bari in gaya muku abin da ya hana ni runtsawa.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Yayana bai yi karatu mai zurfi ba, ya sauke Alƙur'ani ya kama noma. Ni aka tura birni. Duk shekarun da na yi ina koyon Nahawu da Balaga da Fiƙihu, geronsa nake ci, kuma kuɗin littattafaina daga albasarsa suke fitowa. Da ciwon ajali ya kama mahaifinmu ina birni, shi ya yi jinya, har ya sayar da shanun huɗa biyu da wani yanki na gona bai shawarce ni ba. Ranar rabon gado sai na zo da takarda da biro da ilimin Fara'ili a ka. A gaban dattawa da surukansa na ce masa ya taɓa dukiyar magada ba da izini ba, na kawo masa hukunci da Larabci, na fassara masa kamar ɗan aji ɗaya. Bai ce mini uffan ba. Aka raba gado daidai yadda shari'a ta ce, ba wanda aka zalunta ko ƙwayar gero. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya shiga gida. Tun ranar ban sake taka garin ba, shi ma bai neme ni ba.

Shekara biyu ina gaya wa kaina ai ni ke da gaskiya. A daren nan na Boɗinga na gane cewa lissafina daidai ne, amma ladabina ya karye. Bello yana Sarkin Musulmi, da runduna a bayansa, ya yunƙura zai sauka daga doki saboda baffansa. Ni kuwa da ɗan karatun da bai kai cikin cokali ba, wanda ma da guminsa na same shi, na hau dokin girman kai na ƙi sauka. Ga shi ina karantar da yara hadisin kwana uku, alhali nawa kwanakin sun haura 700.

Shagari

Da safe muka naɗe tanti muka kama hanya. Mun wuce mararrabar Yabo kaɗan taya ta yi faci, muka yi awa guda a gindin dogon yaro muna jiran direba ya dawo daga wurin mai faci. Wata Bafulatana ta zo da ƙwarya, muka sayi fura da nono, yara suka ce wannan facin alheri ne.

A Shagari na ba su tarihin Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato. Na ce musu ba siyasa na kawo su ba, malami na kawo su su gani. An haife shi a garin ranar 25 ga Fabrairu 1925. Ya fara da karatun allo a gida, ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce kwaleji a Kaduna. Ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya riƙe makarantar firamare a Argungu, har ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su san ƙasarsu da harshensu. Ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoba 1979, soja suka sauke shi ranar 31 ga Disamba 1983, aka tsare shi har 1986, sannan aka maido shi wannan gari nasa. Daga baya yakan zauna taron manyan ƙasa tare da wasu daga cikin waɗanda suka sauke shi. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba 2018 yana da shekara 93, aka kawo shi gida aka rufe. Muka yi masa addu'a tare da sauran Musulmi da suka riga mu.

Da la'asar muka leƙa madatsar ruwan Shagari, muka ga masunta da masu noman rani. Yara suka so su shiga kwalekwale, na hana, kuma ban sassauta ba. A watan Afrilu na shekarar 2022 kwalekwale ya kife a ruwan wannan yanki da mutanen Gidan Magana da suka tafi neman itace, sama da rai 20 suka salwanta, akasarinsu yara da matasa. Muka tsaya a bakin ruwa muka yi musu addu'a. Ban taɓa ganin yaran nan sun yi shiru irin na lokacin ba.

Muka kafa tanti a wata makaranta, wannan karon cikin minti kaɗan, don hannu ya faɗa. Sai na ja abokin aikina gefe na gaya masa komai. Ya dube ni ya ce, "Malam, yara suna hannuna. Rana ba ta faɗi ba tukuna." Na hau kabu-kabu.

Na iske Yaya a ƙofar gida yana gyaran mangala. Ya yi furfurar da ban san shi da ita ba. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Na tuɓe takalmi na durƙusa na ce, "Salamu alaikum, Yaya. Na zo ne ka yafe mini." Ya daɗe yana kallona, har na zaci zai tashi ya shige gida kamar wancan karo. Sai ya ce, "Wa alaikumus salamu. Malam ƙarami, kai ne da marece haka? Tashi, ƙasa da sanyi." Na ce ba zan tashi ba sai ya ce ya yafe. Ya ce, "Mi ar riba cikin tone-tone? Ni ma da na aika maka kahin in sai da shanun nan, da ba a kai haka ba. Allah Shi yahe muna baki ɗai." Ya ɗaga murya ya ce a kawo ruwa, baƙo ya zo. Sai ya gyara, ya ce, "A'a, ba baƙo ba ne."

Ba zan ce muku komai ya koma kamar da a yammacin nan ba. Maganar da aka faɗa a gaban mutane ba ta gogewa da zama ɗaya, kuma sai da na koma na ba dattawan da suka ji ta haƙuri a gabansa. Amma washegari da sassafe, muna naɗe tabarmi, sai ga shi a kan jaki da damin rake da buhun albasa, wai a kai wa almajiran ƙanensa. Yara suka yi ta murna ba su san mafari ba. Yau sun sani.

Kammalawa

Ya ku ɗalibai, yanzu kun san Sifawa ba kusa da Madina take ba, tana nan bayan gidanku. Ku roƙi iyayenku su kai ku, ku ga Hubbare, ku ga Boɗinga, in hali ya yi ku ga Degel da Gwandu. 'Yan mata kuma da suka yi ƙorafin an bar su, kuna da gaskiya, Shehu da kansa ya yi faɗa a Nurul Albabi da masu barin mata cikin jahilci. Muna shirya muku ziyarar yini ɗaya tare da malamanku mata, in Allah Ya so.

Ku kuma iyaye, ina roƙon ku abu ɗaya. Na san ba gidanmu kaɗai ne gado ko iyakar gona ko maganar aure ta raba wa da ƙane ba. Yaranmu suna haddace hadisan zumunci a makaranta, su dawo gida su tarar an hana su shiga gidan baffansu. Wanne za su ɗauka, na allo ko na ido? In akwai wanda kuka yi shekara ba ku gaisa ba, kada ku jira sai an kira ku wankan gawarsa. Wanda ya fara sauka daga doki bai faɗi ba.

Shi kuwa yaron da ya yi mini tambaya daga cikin bargo, ga amsarka, ko da ta makara: na taɓa yi, kuma ban ji daɗinta ba ko kwana ɗaya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa iliminmu ya zama hujja gare mu ba a kanmu ba. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.